Inda Ake Kiran Sunanka

Majidaɗi, Jalingo.

Zuwa ga Yayansu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, irin gaisuwar da ban saba yi maka da baki ba. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake katanga ɗaya ce tsakanina da kai a yanzu, har ina jin ka kana jan akwati a ɗakin zaure. Allah ya tsare ka a hanyar Maiduguri gobe, ya tsare direba da motarsa, ya sa ka shiga makarantar nan da ƙafar dama.

Na san za ka yi mamaki. Uwa da ɗanta a gida ɗaya, amma sai an haɗa da biro da takarda kamar masu shari'a. To ya zan yi? Kullum ina tsaye gaban 'yan firamare ina zuba magana har muryata ta dishe, amma in kai ne a gabana sai harshena ya naɗe. Ƙanwarka Halima zan ba, ta miƙa maka bayan la'asar. Ka karanta kai kaɗai, kuma in mun haɗu a tsakar gida kada ka tsare ni da ido, don ba zan iya ɗauka ba.

Tun da takardar ɗaukarka karatu ta zo ban samu sukuni ba. Ba karatun nake ji ba, kanka yana ja. Ba kuma abinci ba, tunda kai ko garin kwaki aka jiƙa maka za ka sha ka yi hamdala. Tsorona ɗaya ne. Za ka tafi ka yi nisa da tunanin cewa in wani abu ya same ka, ba ni ce wadda ake gaya wa ba. Kuma yaron da ya tafi da wannan tunani zai nemi wanda zai gaya wa, ko wane iri ne ya fara miƙo masa hannu. Ni na sa maka wannan tunani, shi ya sa nake so in gaya maka yadda aka yi.

Kai ɗan fari ne, kuma sunan kakanka aka sa maka. Ka san abin da wannan ke nufi a gidanmu. Ba na kiran sunanka, ba na yabonka, ba na nuna na damu da kai a gaban mutane. Da aka yaye ka, kakarka Dada ta ɗauke ka zuwa ɗakinta. Ka tashi kana jin ƙannena suna ce min Adda, kai ma ka bi su, har yau. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka aka yi mata. Kuma in gaya maka gaskiya, na iya shi sosai. Mata sun sha nuna ni a wurin biki suna cewa ga mai kunya, ko kallon ɗanta ba ta yi. Daɗi nake ji idan aka faɗi haka.

Ka tuna lokacin da aka ba mu jiha, gari ya cika da baƙi, ma'aikata suka yi ta tahowa da iyalansu daga Wukari da Takum da Gembu har da nesa? A lokacin ka shiga sakandare, a lokacin kuma ka fara dawowa gida dab da magariba, ƙafa fururu, gwiwa duk ƙujewa. Wai an kafa ƙungiyar ƙwallo ana yi bayan an tashi. Ni a wurina gantali ne kawai. Na ce wa babanku a ja wa yaron nan kunne. Ban tambaye ka me kake samu a can ba, don tambaya ma nuna damuwa ce.

Wata ranar Alhamis na fito daga gaisuwar rasuwa a unguwar Mayo Gwoi, hanya ta biyo da ni ta gefen filinku. Ba leƙenka na je yi ba, kada ka ɗauka na kai nan. Ina cikin tafiya sai na ji filin nan gaba ɗaya ya ɗauki suna ɗaya. Na tsaya cak. Sunan da ban taɓa bari ya fito daga bakina ba, ga shi a bakin yaran Mumuye da na Jukun da na Fulani da na Ibo, kowa yana lanƙwasa shi yadda harshensa ya ba shi. Na duba raga, sai ga ka, kai ne gola, ka rungume ƙwallo kana birgima a ƙasa. Ka miƙe kana daka wa na gabanka tsawa, kana nuna wa wannan nan, kana nuna wa wancan can. Wallahi ban san kana da murya haka ba. A gida sai a yi rantsuwa ba ka nan.

Me na yi? Na ja mayafi na ƙara sauri. Da ka dawo ka zo ka tsaya a bakin ƙofar madafi, kana murza hannu a jikin wando, ka ce, "Adda, yau mu muka yi nasara. Ni na tare bugun ƙarshe." Ban ɗago ba. Na ce, "To. A je a wanke ƙafa, an kusa kiran salla." Ka ɗan ƙara tsayawa, sannan ka tafi.

Sai daga baya na gane abin da ke kai yara filin nan. Mu manya muna ganin ƙwallo suke bi. Ƙwallon ma ana so, amma abin da ya fi shi, wuri ne da in ba ka zo ba za a tambaya ina kake. Wuri ne da in ka yi kuskure za a yi maka faɗa a fuskarka, in ka yi daidai kuma a ɗaga ka sama a take, ba sai bayan ka mutu a ce ai yaron kirki ne ba. Na lura da nawa ɗaliban ma. Wanda ya fi kowa shiru a aji, shi ne yake fara isa fili. Saboda haka ga shawarata ta farko. In ka je can ka tarar da ƙungiyar ƙwallo, ka shiga, ban hana ka ba. Amma ka lura da masu kiran sunanka. Ranar da ka tare, kowa naka ne. Ka jira ranar da ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunka, ka ga wa zai jira ka ku tafi tare. Shi ne za ka riƙe.

Ba mu gama da ƙwallo ba sai ga badujala. Makarantarku ta samu ganguna da begila, aka ce masu so su tsaya bayan darasi, kai da abokinka Bitrus kuka ba da suna. Shi ganga, kai begila. Nan fa gida ya ɗauki zafi. Dada ta tafa hannu ta ce, "Jikan Modibbo da busa? Yaushe muka zama maroƙa? Gobe kuma sai a gan shi a gidan biki ana manna masa kuɗi a goshi." Mata suka yi dariya, ni ma na taya su. Kana zaune a kan turmi kana ji. Daga ranar ka daina gwada busarka a gida, ka koma can ƙarƙashin mangwarorin bakin kogi. Wani lokaci in iska ta juyo nakan jiyo ta daga nesa, ina wanke-wanke. A farko kamar ana yanka akuya, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya ta gyaru, har nakan sassauta ƙarar kwanuka.

Ranar faretin 'yancin kai ita ce ba na son tunawa. Ka kwashe safiya kana goge farin yunifom da dutsen guga na gawayi, kana hura shi kada toka ta taɓa. Ka aiko Halima ta tambaye ni ko zan je. Na ce mata ai dole ne, ni zan kai 'yan ajina. Na gan ku kun wuce a jere, kumatunka sun kumbura, gumi yana sauka ta ƙarƙashin hula. Ina ta tsoron kada ka kuskure, kuma ba ka kuskure ba. Da aka tashi ka ratso jama'a ka zo inda muke tsaye mu malamai, begila a hammata, ka durƙusa ka gaishe mu. Sabuwar shugabarmu, wadda ba ta daɗe da zuwa garin ba, ta ce, "Kai, yaron nan ya iya! Malama, kin san shi ne?" Na ce, "Eh, yaron gidanmu ne."

Yaron gidanmu. Kamar wanda aka kawo riƙo daga ƙauye. Na ga yadda ka sunkuyar da kai kana gyara igiyar begilar da ba abin da ya same ta. A wurinmu abin da na faɗa daidai ne, duk Bafulatanar da ke wurin ta san abin da nake nufi. Amma kai ba tsohuwa ba ne, yaro ne da ya gama busa a rana tun safe.

Halima ta taɓa gaya min wata magana da ka yi mata. Ta tambaye ka me kake ji a busar nan da har kake jure gorin Dada. Ka ce mata a badujala in mutum ɗaya ya yi shiru, kiɗan gaba ɗaya sai ya yi rami, kowa ya ji. Na daɗe ina juya maganar nan. Ashe a gida kana ganin in ka yi shiru ba ramin da ake ji. To ka sani ana ji. Kuma ga shawara ta biyu. In akwai badujala a can, ka busa abinka, ba roƙo ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Sai dai in an kira salla ka ajiye, in jarrabawa ta matso ka ajiye. Sannan duk wanda yake naka, ka ce naka ne a gaban kowa. In Bitrus ya kawo maka ziyara cikin sababbin abokanka masu turanci, da tsohon silifas ɗinsa da Hausarsa ta unguwar Sintali, kada ka ce wani yaron garinmu ne. Ka ce abokinka ne. Na san yadda ɗayar maganar take fita da sauƙi, kuma na san ba ta komawa.

Yanzu sai na ukun, wanda ya fi nauyi. Daminar bara, babanku yana Wukari wajen aiki. Muna zaune a rumfar Dada da baƙi mata daga dangin babanku, ina dama musu fura. Sai ga Bitrus ya faɗo gidan ko sallama babu, yana haki, ya ce ka yi karo da ƙarfen raga, hannunka ya karye, ƙashi har ya turo fata. Yayansu, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ji na yi kamar an zare min wani abu daga ciki. Amma idon matan nan duk ya dawo kaina, Dada ma ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Hannuna bai daina juya ludayi ba. Na ce, "Amin." Dada ta aika a nemo baffanka a kasuwa. Ni kuwa na zuba fura a kofuna na miƙa wa kowa nata, ko ɗigo bai zuba ba. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Kai, wannan ita ce 'yar mutunci."

Kafin a samo baffanka, Maman Bitrus ta riga ta bar tukunyar ƙosanta a kan wuta ta kai ka wurin mai ɗori a Sintali. Ita ta riƙe kanka a cinyarta aka ja ƙashin. Ita ta kawo ka gida da yamma, hannu a ɗaure da karare. Da aka shigar da kai ɗaki ta biyo ni bayan madafi, inda ba kowa, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Malama, yaro naki ya yi kuka fa. Yana kira Adda, Adda. Ni na ce masa ka yi shiru, Adda yana zuwa, yana hanya. Na yi ƙarya gaban Allah saboda ke. Wannan kunya naku, ni ban gane shi ba sam."

Na yi mata godiya, na raka ta ƙofa. Ban san ko ka sani ba, duk romon ƙashin da Dada ta riƙa kai maka har ka warke, ni nake dafawa. Amma me wannan ya amfana maka? Kai abin da ka sani shi ne ka kira, ba a zo ba.

Tun daga nan ka daina tsayawa a bakin ƙofar madafi. Sakamakon jarrabawarka a bakin Halima na ji. Takardar makarantar nan babanku ne ya nuna min. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne wanda na ji a kasuwa kwanan baya. Maman Bitrus ce ta tare ni take tambaya ko hannun ya daina yi maka ciwo in an yi sanyi. Na ce wane ciwo? Ta dube ni. Ashe tun da aka kwance ɗorin hannun bai bar ka ba, ashe har wani babban yaro a fili yana ba ka wasu ƙwayoyi kana haɗiya kafin wasa don kada ka ji zafin. Uwar wani ta sani, Bitrus ya sani, mai ba ka ƙwayar ya sani. Ni da muke kwana gida ɗaya ban sani ba.

A nan ina roƙonka da girman Allah. Kada ka ƙara sa wata ƙwaya a bakinka wadda ba likita ne ya rubuta maka ba, ko da wanda ya ba ka ya rantse da Alƙur'ani cewa ta ciwon jiki ce. Muna ganin yaran da suka fara da ta ciwon jiki, yanzu suna bakin tasha suna magana su kaɗai. Da ka isa ka nemi asibitin makaranta a duba hannun nan. In sun ce ka huta da tsaron raga, ka huta, ƙwallo ba za ta ƙare a duniya ba. Na san abin da kake tsoro, kada a sa wani a gurbinka a manta da kai. In don ka yi jinya suka manta da kai, da ma ba kai suke kira ba.

Akwai kuma abin da nake ji malamai maza suna tattaunawa a ofis, wai a manyan makarantu yanzu akwai ƙungiyoyin da ake kai yara daji a rantsar da su. Duk lokacin da aka ɗauko zancen sai in tsorata, don na ga da me suke kama yara. Su ma suna ba mutum suna, su ma in ba ka zo ba suna tambaya, su ma suna ce maka kai namu ne. Abin da ya kai ka fili shi ne dai zai iya kai ka can, kuma ni na bar ka da wannan yunwar. Ga yadda za ka bambance. Ƙwallo da badujala da rana ake yi, kowa yana kallo, kuma ranar da ka ce ka gaji ba mai tare maka hanya. Duk taron da aka ce kada ka gaya wa kowa, ko aka ce in an shiga ba a fita, ka juya tun daga bakin ƙofa ko da za a ce maka matsoraci.

Kada ka ɗauka ina zagin Dada ko al'adarmu. Dada ta goya ka, ta yi jinyar ƙyandarka, tana sonka fiye da ranta. Kunyar nan ma da dalilinta. A can ruga inda ta tashi, in uwa ta kau da kai, akwai goggo da inna da kawu da yaya, hannu ya fi ashirin a kan yaro ɗaya, ba ya ma sanin an kau da kai. Mu kuwa mun shigo gari, kowa ya ja katangar bulo ya sa ƙofar ƙarfe, muka riƙe kau da kan, hannayen suka watse. Ban lura ba sai da na ga kana neman su a fili.

Saboda haka ka rubuto. Ba mu da waya, amma motar Jalingo ba ta yankewa a tashar can, ka ba direba ya ajiye a shagon baffanka. Kada ka jira sai kana da labari mai daɗi. Mai daɗin ka aika wa Dada da babanku, su yi ta nuna wa maƙwabta. Ni wanda ba shi da daɗi nake so. In ka faɗi jarrabawa, in an sace maka kaya, in malamai sun tafi yajin aiki kun rasa na mota, in hannun ya tashi, in ka yi abin da kake jin kunyar faɗa, ka rubuta a bayan ambulan cewa na Adda ne. Ba zan ce to kawai ba.

Na san magana a takarda ba wuya, kuma kana da dalilin ƙin yarda. Da safen nan ina shara na ji kana ce wa babanku ba sai kowa ya wahala ya raka ka tasha ba, Bitrus da 'yan ƙwallonku za su ɗaukar maka kaya. Ba da fushi ka faɗa ba, shi ne ma ya fi yi min ciwo. Ka faɗa ne kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Da azahar na shiga ɗakin Dada na durƙusa na ce mata gobe zan je tasha. Ta ajiye carbi ta dube ni. Ta ce, "Uwa ta raka ɗan fari? Mutane za su gani fa." Na ce, "Su gani, Dada." Na tashi na fito, kuma har yanzu ba ta yi min magana ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na dare da na mugun aboki. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki irin waɗanda ya haɗa ka da su a nan, ya ba ka ilimi mai amfani, ya warkar da hannunka, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya yi maka albarka.

Ban yi maka alkawarin abin da zan iya yi a tashar ba. Mai yiwuwa in tsaya can nesa wajen masu lemo, mai yiwuwa in kasa ɗaga hannu, mai yiwuwa ma in ka matso in kama kallon ƙasa. Ban taɓa yi ba, ban san yadda ake yi ba. Amma zan zo, kuma ba zan motsa ba sai motar ta fita. Kai dai kafin ku sha kwana, ka waiwayo.

Wassalam.

Adda.